Tafinta Tsakanin Uwar Garke da Rumbun Kaset

A watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Batsari da Safana, a wani yunƙuri na gwamnati na datse sadarwa tsakanin 'yan bindigar da ke ɓuya a dazuzzuka irin su Dajin Rugu da masu kai musu labari. An yi watanni a haka. Wanda ke son ya buga waya, ko ya aika kuɗi, ko ya duba wata takarda da ya ajiye a intanet, sai ya yi tattaki zuwa inda sabis yake. A waɗannan watanni ne jama'a suka ga abin da masana kwamfuta suka daɗe da sani, watau cewa bayanin da aka ajiye a nesa, komai kyan wurin ajiyar, yana hannun wanda ke riƙe da hanyar zuwa can.

Manomin Batsari ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ko da yana da buhunan hatsi a hannun ɗan'uwansa a birnin Katsina, ba ya barin rumbun gidansa fayau. Haka ma manyan ma'aikatu na duniya, kamar bankuna da jami'o'i da gidajen talabijin da cibiyoyin bincike, suke da nasu rumbun, inda suke zuba kwafin dukkan bayanan da ke cikin babbar kwamfutarsu, wadda ake kira uwar garke saboda ita ce sauran kwamfutocin ofis suke komawa gare ta. Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne, har yanzu da yawa daga cikin waɗannan rumbuna da kaset ake cika su, ɗan'uwan kaset ɗin nan da iyaye da kakanni suka saurari wa'azi da waƙoƙi da shi.

Me ya hana kaset mutuwa?

Wani injiniya mai suna Fritz Pfleumer ne ya yi rajistar fasahar zaren maganaɗisu a Jamus a 1928, domin ɗaukar sauti. A 1951 kwamfutar UNIVAC ta Amurka ta fara ajiye bayanai a kan zare, kamfanin IBM kuma ya biyo baya a 1952. Nau'in da ya mamaye kasuwa a yau sunansa LTO, wanda kamfanonin HP da IBM da Seagate suka haɗu suka tsara, aka fitar da zubin farko a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. Zubi na 9, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabayit 18, watau gigabayit 18,000, kwatankwacin abin da wayoyi 280 masu gigabayit 64 za su ɗauka, alhali kaset ɗin bai fi tafin hannu ba. Zubi na 10 da ya fito a 2025 ya fara da terabayit 30. A cikin kaset na zubi na 9 akwai zare mai tsawon fiye da kilomita 1, faɗinsa rabin inci, kaurinsa kuwa kimanin kashi 1 cikin 10 na silin gashin kai, kuma a kan wannan ɗan faɗi ake jera layukan rubutu 8,960.

Kaset yana da araha idan aka auna da yawan abin da yake ɗauka, ba ya shan wuta yana zaune a kanta, kuma masu ƙera shi suna ba shi shekara 15 zuwa 30 idan an adana shi yadda ya kamata. Amma babbar darajarsa ita ce, da zarar an zare shi daga na'ura, babu wata waya da ta haɗa shi da duniya. Ɓarayin intanet masu kulle bayanan ma'aikata su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar kaiwa gare shi, haka ma kuskuren manhaja. A watan Fabrairu na 2011 wani gyara da kamfanin Google ya yi wa manhajarsa ya share wasiƙun wani ɗan kaso na masu amfani da Gmail, har a kwafe-kwafen da ke wasu cibiyoyin kamfanin. Daga kaset aka maido da su.

Na'ura biyu a akwati ɗaya

Ofishin da ke yin kwafi kowane dare yana buƙatar wanda zai riƙa cire kaset ɗin jiya yana sa na yau, kuma ɗan Adam yakan manta, yakan yi tafiya, yakan kwanta rashin lafiya. Saboda haka aka ƙera na'urar sauya kaset. Akwati ce shimfiɗaɗɗiya da ake ɗaurawa kusa da uwar garke, a cikinta akwai rikoda guda mai rubutu da karatu, da gurabu, galibi 8 ko 16, inda kaset-kaset suke jere, sa'an nan da wani ɗan hannun ƙarfe mai ɗauko kaset daga gurbi ya zura wa rikoda, in an gama ya mayar. A jikin hannun akwai idon da ke karanta lambar zane-zane da aka manna a bayan kowane kaset. Mai gurbi 8, in an cika ta da zubi na 9, tana riƙe terabayit 144.

A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda, domin rabin matsalolin wannan na'ura daga gare shi suke tasowa. A idon mutum akwati ɗaya ce, da wayar wuta ɗaya da kebul ɗaya. A wurin kwamfuta kuwa na'urori biyu ne dabam-dabam: rikoda da hannu. Kowannensu yana da umarnin da yake ji, kuma kowannensu yana buƙatar nasa direban.

Kalmar direba tana ruɗar ɗalibai, don hankali yakan tafi ga matuƙin mota. A harshen kwamfuta, direba wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke tsaye tsakanin babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da wata na'ura da aka jona mata. Da a ce tun farko Bahaushe ne ya raɗa mata suna, da tafinta zai kira ta. Manhajar kwafi takan ce, a kawo kaset na gurbi na 3. Direba ne zai juya wannan magana zuwa jerin lambobin da hannun ƙarfe yake ganewa, ya jira amsa, ya juyo da ita. Yaren da ake wannan zance da shi sunansa SCSI, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 1986, kuma ko da yake an sauya irin kebul da ake amfani da shi, yaren yana nan. Idan aka kunna uwar garke, takan aika wa duk na'urar da ke kan layi tambayar wace ce ke. Rikoda takan amsa da lamba 1, wadda ke nufin na'urar da ake karantawa a jere daga farko zuwa ƙarshe. Hannu yakan amsa da lamba 8, wadda ke nufin mai sauya kaset. Kowannensu yakan haɗa da sunan kamfani da samfuri, kuma da wannan amsa ce babbar manhaja take zaɓar tafintan da ya dace.

In zance ya yanke

Alamun cutar sanannu ne. Ma'aikaci yakan zo da safe ya tarar kwafin dare bai gudana ba. Wani lokaci manhajar kwafi tana ganin rikoda amma ba ta ganin gurabu, kamar dai babu hannu a akwatin. Wani lokaci Windows takan nuna na'urar da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefenta, ko ta kira ta mai sauya kaset da ba a sani ba. Wani lokaci kuma aiki yakan fara lafiya, ya yi awa 2, ya tsaya cak.

Abin da sabon ma'aikaci yake fara yi shi ne ya ɗora wa direba laifi, ya goge shi, ya sauko da wani, ya sake gogewa, har rana ta faɗi. Wannan gaggawa ce, kuma ita ce ta fi cin lokaci a wannan sana'a. Tafinta ba ya fassara abin da bai ji ba. In baƙo bai iso fada ba, ko ya iso an tsare shi a zaure, canza tafinta sau goma ba zai sa sarki ya ji saƙonsa ba. Gwanaye daga ƙasa suke farowa su hau sama, mataki-mataki, kuma ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda, domin in an canza kebul da direba tare aka samu sauƙi, ba wanda zai san wanne ne ya yi maganin.

Matakin farko shi ne na'urar ita kaɗai, ba tare da kwamfuta ba. Tana da ɗan allo da maɓallai a gabanta, waɗanda za a iya umartar hannu da su ya ɗauki kaset ya sa a rikoda ya mayar. In ta kasa wannan, matsalar ta ƙarfe ce, babu ruwan direba. Sau da yawa a sabuwar na'ura abin dariya ne: an manta ba a cire makullin da kamfani ya sa don kada hannu ya yi ta kai-kawo a hanya ba.

In ta ci wannan jarrabawa, sai a dubi hanya. A tsofaffin na'urori masu faffaɗan kebul na SCSI, kowace na'ura tana da lambar gida daga 0 zuwa 15, katin haɗi na cikin uwar garke kuma yakan riƙe 7. In biyu suka yi tarayya a lamba guda, sai su riƙa amsa kira tare, zance ya cakuɗe. Har ila yau dole a toshe ƙarshen layin da wani ɗan marfi mai shanye siginar lantarki. In babu shi, siginar takan bugi ƙarshen waya ta dawo, kamar yadda murya take dawowa in an yi kira a gindin dutse, ta haɗu da wadda ke tafe ta ɓata ta. Irin wannan layi yakan yi aiki da ƙaramin fayil, ya tuntsure in kaya sun yi nauyi, shi ya sa yake wahalar ganewa. Kebul na SAS da ya maye gurbinsa ya kawar da zancen lamba da marfi, amma fil ɗin da ya lanƙwashe ko bakin da bai zauna daidai ba har gobe suna nan.

Sai babbar matsala, wadda ta fi kowacce yawan sa a zargi direba a banza. Tun da rikoda da hannu kebul ɗaya suke bi, adireshinsu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne lambar ɗaki, wadda ake kira LUN. Rikoda tana ɗaki na 0, hannu yana ɗaki na 1. Kamar gida ne mai ƙofa ɗaya: wanda ya yi sallama a zaure ya ga maigida ya juya, ba zai san akwai wani a ɗakin ciki ba. Wasu katunan haɗi haka suke, ɗaki na 0 kaɗai suke leƙawa sai an shiga saitinsu an umarce su da su duba sauran. Katunan da aka yi domin haɗa faya-fayan ajiya, waɗanda ake kira RAID, da yawansu ba su iya wannan ba sam, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera na'urar suke gargaɗin a ba ta nata katin dabam. Mai son ya tabbatar sai ya kalli jerin na'urorin da katin yake nunawa lokacin da uwar garke ke tashi, tun kafin Windows ta buɗe. In suna ɗaya ya gani maimakon biyu, to ya bar direba ya huta.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ƙasar Hausa musamman, watau ɗaukewar wuta. Idan aka kunna na'urar sauya kaset, takan ɗauki 'yan mintoci tana zagaya gurabunta tana ƙirga abin da ke ciki, kuma kafin ta gama ba lallai ta amsa kira yadda ya kamata ba. Ƙa'ida ita ce a fara kunna ta, a jira ta natsu, sa'an nan a kunna uwar garke. To amma in wuta ta ɗauke da tsakar dare ta dawo, ko aka juya zuwa janareta, duka biyun tare suke tashi, uwar garke ta yi kiran suna tun abokiyar aikinta ba ta shirya ba, ta rubuta cewa ba ta nan. Da safe sai a ga na'urar da ta yi wata 6 lafiya ta ɓace. Maganin bai wuce a sake kunna su bisa tsari ba, a kuma sa su duka a kan batirin riƙon wuta.

Inda laifin na direba ne

Sai an wuce waɗannan duka ake zuwa kan direba, kuma a nan ma ba kasafai lalacewa yake yi ba. Abin da ya fi yawa shi ne tafinta biyu a gaban sarki ɗaya. Kamfanin da ya ƙera na'ura yana da nasa direban, babbar manhaja tana da nata, wasu manhajojin kwafi kuma, irin su Backup Exec da ARCserve, sun zo da tsarinsu na magana da na'urar. Wata manhajar tana son direban kamfani a kan rikoda, amma a bar hannu ba direban kowa don ita za ta yi magana da shi kai tsaye. A irin wannan hali, sunan nan na mai sauya kaset da ba a sani ba shi ne daidai, kuma wanda ya yi ƙoƙarin gyara shi, shi ne zai ɓata aikin. A zamanin Windows 2000 da Windows Server 2003 akwai wani sashe mai kula da kayan ajiya masu ciruwa, wanda yakan kama hannun ƙarfe ya riƙe, manhajar kwafi ta zo ta tarar an riga ta. Kashe wannan sashe yana cikin abubuwan farko da ma'aikatan wancan lokaci suke koya. Daga Windows Server 2008 kuma kamfanin Microsoft ya cire kaset daga manhajar kwafin da ke zuwa tare da Windows, abin da ya sa waɗanda suka sabunta uwar garkensu suka yi ta neman direban da zai dawo da abin da aka riga aka cire.

Saboda haka kowane mai manhajar kwafi yake wallafa jadawalin dacewa, mai nuna wace na'ura, da wane zubin manhajar cikinta, da wane direba, da wace babbar manhaja aka gwada tare. Karanta wannan jadawali ba shi da daɗi, amma ya fi kwana uku na lalube. Direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ya hawa mai bit 64, kuma sabon direba ba kullum ya fi tsoho ba, in ba shi ne ke cikin jadawalin ba. Daɗin daɗawa, kamfanoni suna ba da manhajar gwaji kyauta, kamar Library and Tape Tools ta HP da ITDT ta IBM, masu magana da na'urar ba tare da manhajar kwafi ba. In gwajin rubutu da karatu ya wuce a can, an san laifin yana sama. Kundin rahoton Windows shi ma shaida ne: rahoto mai lamba 9 yana nufin na'ura ba ta amsa cikin lokaci ba, mai lamba 11 kuma yana nufin direba ya ga kuskure a katin haɗi. Ɗalibi ya lura, direba ne ya kawo rahoton, ba shi ne ya yi laifin ba.

A Linux akwai wani tarko mai ban tsoro domin ba ya nuna alamar komai. Rikoda ɗaya tana da suna biyu, st0 da nst0. In an yi rubutu ta sunan farko, da an gama sai direba ya maida zare farko. In ta na biyu ne, sai ya bar shi inda ya tsaya. Wanda ya yi nufin jera kwafin Litinin da na Talata da na Laraba a kaset ɗaya, amma ya yi amfani da sunan farko, kowane dare sabon kwafi zai hau kan na jiya ya shafe shi, kuma kowace safiya manhaja za ta ba shi rahoton cewa aiki ya yi kyau.

Ƙura da zafi su ma sukan sa rigar direba. Tsakanin zare da kan rikoda kusan babu tazara, don haka ƙurar hunturu da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta isa ta sa rubutu ya riƙa kuskurewa, rikoda ta yi ta komawa baya tana sakewa har lokacin da aka ɗiba mata ya ƙare. Rikoda takan kunna fitila in tana son a share ta, kuma akwai kaset na shara musamman, wanda ake amfani da shi kimanin sau 50 a jefar. Masu ƙera kaset suna son a adana shi a wuri mai sanyin da bai wuce digiri 25 ba, alhali a yammacin Katsina zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Kaset ɗin da ya yini a cikin mota ana barinsa ya kwana a ɗakin kwamfuta kafin a sa shi a rikoda.

Ranar buɗe rumbu

Duk wannan wahala domin rana ɗaya ake yin ta, ranar da uwar garke za ta mutu a nemi kwafi. A watan Yuli na 2006 wani ma'aikaci a hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Alaska a Amurka ya share faifan da ke ɗauke da takardun masu neman rabonsu daga asusun man fetur na jihar, ya kuma share faifan da ke riƙe da kwafinsu. Da aka juya ga kaset, sai aka tarar ba ya karantuwa. Hotunan takardu kimanin 800,000 suka salwanta. Abin da ya cece su shi ne takardun asali da ke cikin kwalaye fiye da 300, waɗanda aka sake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci fiye da dala 200,000. Ba a fafe gora ranar tafiya: ma'aikaci mai hankali yakan zaɓi wani fayil kowane wata ya maido shi daga kaset ya buɗe ya gani da idonsa, kamar yadda maigida yake leƙa rumbu tun kafin bazara ya ga ko gara ta shiga.

Ko kaset yana da lafiya, sai da rikodar da ta san shi. Har zuwa zubi na 7, rikodar LTO tana karanta kaset na zubi biyu da suka gabace ta. Ta 8 da ta 9 zubi ɗaya kaɗai suke komawa baya, ta 10 kuwa nata kawai take karantawa. Makaranta ko asibitin da ya ajiye kaset na zubi na 5 tun 2010, dole ya adana tsohuwar rikoda da katinta da direbanta da babbar manhajar da direban yake hawa, ko kuma ya kwashe bayanan zuwa sabon kaset tun tsohuwar tana motsi.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗanɗana wannan. A 1966 da 1967 kumbunanta 5 masu suna Lunar Orbiter suka ɗauki hotunan duniyar wata, aka naɗe siginar a kan faya-fayan zare kimanin 1,500. Zaren ya zauna lafiya shekara 40, amma rikodar da ke karanta shi, Ampex FR-900, ta ɓace daga duniya, in ban da 'yan ƙalilan da wata ma'aikaciyar hukumar, Nancy Evans, ta kwashe ta ajiye a gidanta don kada a zubar. A 2008 wasu injiniyoyi suka ɗauko su zuwa wani tsohon shagon abinci na McDonald's da ke harabar cibiyar Ames a Kalifoniya, suka yi ta ciro kayan wannan suna gyara waccan, suna neman tsofaffin ma'aikatan da suka san na'urar. A watan Nuwamba na shekarar suka fitar da hoton farko, na duniya tana ɓullowa daga bayan wata, wanda aka ɗauka a watan Agusta na 1966, kuma ya fito da kyan da ba a taɓa ganinsa da shi ba a wancan lokaci.